Ƙuri'ata a Hannun Bastien

Bangon da ke bayan Baba kore ne.

A gidanmu babu ɗaki mai koren bango. Daga ofis yake kirana ke nan, ofishin magajin gari, abin da bai taɓa yi ba tun da na zo karatu Uppsala, a ƙasar Suwidin. Ranar Lahadi yake kira, daga kicin, Mama tana leƙowa ta kafaɗarsa tana tambayar ko ina cin abinci. Yau kuwa Laraba ce.

"Solène."

"Na'am, Baba. Ina wuni?"

"Lafiya. Karanta min wannan."

Ya kanga wata takarda a fuskar wayar. Ba sai na karanta ba. Sunana ne a sama, a ƙasa kuma sunan wanda na wakilta ya kaɗa min ƙuri'a ranar Lahadi, a zaɓen majalisar ƙauyenmu, Montalvet.

Bastien Rouchès.

"Sakatariya ce ta ajiye min a tebur, ta fice kamar wadda ta ɗauko garwashi. Kuskure aka yi, ko?"

"Ba kuskure ba ne, Baba."

Akwai dai kuskure, kuma nawa ne. Na shiga jirgin ƙasa zuwa Stockholm, na bi layi a ofishin jakadancinmu, na nuna katin shaida, aka tabbatar da wakilcin. Duk tsawon hanya ina jin na yi wani abu na sirri. Ko sau ɗaya ban tuna ba cewa irin wannan takardar ofishin magajin garin da mutum ya yi rajista take komawa. Ni da na tashi ina yin aikin makaranta a gefen teburin nan.

"Ga ni, ga uwarki," in ji Baba. "Duk ba mu isa ba, sai yaron da ya tara mutane don ya sauke ni?"

"Ba abin da kake zato ba ne..."

"Me nake zato?"

Na dubi tukunyar taliyata da ke tafasa. Wata 'yar ƙasar Girka da muke haɗa kicin da ita ta shigo, ta ga fuskata, ta ɗauki cokalinta ta koma.

"Baba, kai ka koya min ba a tambayar mutum wa zai zaɓa."

"A rumfar zaɓe na ce. Ban ce a gidana ba!"

Ya kashe wayar.

Shekara goma sha takwas Baba yana magajin garin Montalvet. Bastien kuma shekara biyu muna tare. Ya karanta aikin gona, ya dawo ya karɓi awakin mahaifinsa, yana yin cuku yana kai wa kasuwar Asabar. Baba bai taɓa cewa ba ya sonsa ba. "Mai awakin nan" kawai yake ce masa, ko da yana tsaye a gabansa.

Rigimar a kan makiyayar gari ce, ta kan tudu. Baba yana so a ba da hayar rabinta a kafa farantan sola, don a samu abin da za a riƙe makarantar ƙauyen kada a rufe ta. Bastien da sauran masu dabbobi suka ce a can kakanninsu suka yi kiwo. Suka haɗa nasu jerin 'yan takara, suka sa shi a gaba.

Na karanta takardun ɓangarorin biyu a ɗakina, da fensir a hannu, yadda nake karanta komai. Na ga Baba ne ke da gaskiya.

Ban gaya wa kowa ba. In Bastien ya fara maganar makiyaya a waya, "hmm" nake cewa. Shi kuma yana ɗaukar "hmm" ɗina a matsayin "e". Na san yana ɗauka, na bar shi.

To me ya sa shi na ba? Da hutun Kirsimeti Baba ya ce a kan tebur, yana yanka burodi, ko kallona bai yi ba: "Ki tura wa uwarki wakilcin, ko ni, duk ɗaya ne." Ya ƙara da cewa wasu samarin ba yarinya suke nema ba, sunan gidansu suke nema. Na cinye abincina. Da na zauna cike takardar bayan wata biyu, sai na ga hannuna ya rubuta Bastien. Ban goge ba.

Washegarin kiran Baba, labarin ya riga ya kai gidan burodi, daga can kuwa babu inda ba ya zuwa. Da rana ina ɗakin karatu na buɗe zauren ƙauyenmu a waya, na ga hotona. Wanda aka ɗauke mu ni da Bastien a bikin kaka ne, an rubuta a ƙasa da manyan baƙaƙe:

HAR 'YAR MAGAJIN GARI TANA TARE DA MU!

Coralie ce ta sa. Ita ce ta biyu a jerin Bastien, kuma ita ce budurwarsa kafin ni. Na fita waje na tsaya wajen kekuna, cikin ragowar ƙanƙara, na kira ta.

"A'a! 'Yar Suwidin! Ya sanyi?"

"Coralie, don Allah ki cire hoton nan."

"Saboda me? Ƙarya na yi?"

"Ban ba ki izini ba."

"Haba, ƙawata. Kin ba shi ƙuri'arki sukutum, hoto ne zai dame ki?" Ta yi dariya. "Kin san ranar da kika tambayi lambar rajistarsa ta zaɓe don ki wakilta shi, a taro ya faɗa mana? Har tafi aka yi. Ni na ce masa tun farko, ka riƙe yarinyar nan da kyau, ranar amfaninta na zuwa."

"Shi ya ce ki sa hoton?"

"Ke dai ki yi karatunki. Mu da ke nan muna kula miki da shi."

Na katse kiran. Na lura muryarta tana rawa kaɗan a kan kalmar "shi". Na koma ciki na zauna a gaban littafi ɗaya har aka fara kunna fitilu.

Ranar Juma'a da yamma na kira Bastien. Lokacin tatsa ne, ina jin injin yana aiki, awaki suna kuka. Ya jingina wayar a kan wani bokiti, rabin fuskarsa kawai nake gani.

"Sol ɗina! Dama yanzu nake cewa zan kira ki. Na sa Coralie ta cire hoton, na rantse ban san ta sa ba."

"A taro ka faɗa musu?"

Ya sosa ƙeya.

"Na faɗa. Daɗi ne ya kama ni. Ba don ƙuri'ar ba, Sol... Kin taɓa ganin wanda aka ba kyauta ya kasa ɓoyewa? To haka. Babanki ya yi fushi sosai?"

"Ya kashe min waya."

"Zai huce. Bayan zaɓe zan je da kaina, in sa riga mai kwala, in ma wanke ƙamshin awaki."

"Bastien."

"Na'am, 'yar magajin gari."

"Ba ka tambaye ni wa zan zaɓa ba."

Ya yi dariya, ya ci gaba da abin da yake yi. Da ya ji ban yi tawa ba, sai ya miƙa hannu ya kashe injin. Wajen ya yi tsit.

"To. Wa za ki zaɓa?"

"Baba."

Ya ɗauki wayar daga kan bokitin. Yanzu duk fuskarsa nake gani, na gwammace rabin.

"Wasa kike."

"A'a."

"Don ubanki ne?"

"Don na karanta. Yara goma sha tara suka rage a makarantar nan. In aka rufe ta, babu mai ƙaramin yaro da zai ƙara zama a Montalvet. Rabin makiyayar zai ishe ku, na duba taswirar."

"Kin duba taswirar!" Ya ja dogon numfashi. "Wata huɗu, Solène. Wata huɗu ina zuba miki magana kina ce min hmm!"

"Na sani."

"Me ya hana ki buɗe baki?"

"Tsoro nake kada ka ga kamar na zaɓi gidanmu na bar ka."

"Shi ne kika ga gara ki sa ni in ɗauki takardar babanki da hannuna, in sa a ambulan, in jefa a akwati? A gabansa?"

"E."

"Kin san yadda abin yake kusa? Kowa ya sani. Mutum ɗaya ya kwana da mura, zaɓen ya juya."

"Na sani."

"Gwada ni kike yi?"

Na yi tunani kafin in amsa, don ya cancanci gaskiya ko sau ɗaya.

"Da farko ban sani ba. Ina ganin so nake a ce akwai mutum ɗaya da zan gaya wa abin da nake so, ya yi shi don ni na ce. Baba bai tambaye ni ba. Kai ma ba ka tambaye ni ba. Amma kai ne nake ganin in na faɗa za ka ji."

"Bayan labule babu mai ganina, kin san haka ko?"

"Na sani."

"Ba ki da wata magana sai na sani?"

"Ina sonka."

Ya daɗe yana kallona. Wata akuya ta turo kai tana cin hannun rigarsa, bai ture ta ba.

"Suna jirana," ya ce. Ya kashe.

Ranar Lahadi rana ta fito a Uppsala, mutane suka cika bakin kogi suna zaune da fuska sama, ido a rufe. Ni ina ɗaki. Mama ce idona, don ita ke riƙe da kundin da masu zaɓe ke sa hannu. Da azahar ta samu wanda zai riƙe mata, ta fita bayan ofis ta kira ni.

"Ya zo," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ƙarfe sha ɗaya, lokacin da wajen ya cika, an taso daga coci."

"Ya aka yi?"

"Coralie ɗin nan mai jan baki ta raka shi har ƙofa, tana cewa kowa ya ji, yau namu biyu ne a hannu ɗaya. Ya ɗauki ambulan, ya shiga bayan labule, ya fito ya jefa tasa. Sannan ya ɗauki ta biyu."

"Baba fa?"

"Yana tsaye a kan akwati, ina kike so ya je? Aikinsa ne. Yaron ya daɗe a bayan labulen nan, Solène. Ƙafafunsa kawai muke gani. Har tsohuwa Berthe ta ce ko tatsa yake yi a ciki, aka yi dariya. Da ya fito na kira sunanki. Babanki ya buɗe bakin akwatin, ya ce an kaɗa. Bai dube shi ba."

"Shi ya ce wani abu?"

"Ya ce na gode, ranka ya daɗe. Ya sa hannu a gefen sunanki ya tafi." Ta ƙara rage murya. "Kin san babanki jiya ya kwaso kayansa daga ofis a kwali? Ya zauna ya bi garin gida-gida a kansa, yadda ya saba. Ya ce ɗari da arba'in gare shi, yaron ɗari da arba'in da ɗaya. Tunda yake bai taɓa ƙirgawa ya kuskure ba."

"Mama..."

"Ban tambaye ki komai ba, 'yata. Ki ci abinci."

Ƙarfe shida aka rufe. Mama ta bar wayar a kunne a aljihun rigarta. Ina jin ƙarar buɗe ambulan, ina jin muryar da ke karanta sunayen, na gidanmu da na su Bastien: Vaissade, Rouchès, Rouchès, Vaissade. Na fara yin layi a takarda, na rikice a wajen tamanin, na bari. Da aka gama sai da aka sake ƙirgawa. Sannan na ji muryar Baba:

"Jerin Vaissade, ɗari da arba'in da ɗaya. Jerin Rouchès, ɗari da arba'in."

Aka yi hayaniya. Na ji Coralie tana cewa a sake, akwai maci amana a cikinsu. Na kashe wayar.

Na kira Bastien, bai ɗauka ba. Washegari ma haka. Na rubuta masa "na gode", na goge. Na rubuta "yi haƙuri", na goge. A ƙarshe babu abin da na tura. Na je aji, na wanke kayana, na rubuta jarrabawa ɗaya. Baba ma bai kira ba ranar Lahadi, Mama ce kaɗai.

Da hutun Ista na dawo gida. Daga tashar mota ban wuce gidanmu ba, na ja akwatina zuwa gonar Bastien. Na same shi yana juya cuku a kan katakai, ɗaya bayan ɗaya. Ya gan ni, bai fasa ba.

"Kin rame," ya ce.

"Kai ma."

"Ni faɗuwa zaɓe na yi. Ke mene ne uzurinki?"

Na tsaya a bakin ƙofa, ban san inda zan sa hannuwana ba.

"Na riƙe takardun nan biyu a bayan labule," ya ce, yana kallon katakon. "Na ce wa kaina babu wanda zai sani har abada. Na ma sa tawa a ciki, Sol. Na sa, na rufe. Sai na tuna fuskarki lokacin da kike cewa kin duba taswira, kamar wadda za a yanka. Na ciro."

"Bastien..."

"Mutum goma suka bi ni suka tsaya takara. Har yau suna neman wanda ya ci amanarsu. Suna zargin mai gareji, bawan Allah, an daina kai masa gyara. Ni kuma ina zaune a cikinsu ina gyaɗa kai."

"Zan gaya musu ni ce."

"Ba za ki gaya wa kowa ba. Ƙuri'arki ce, ba tasu ba. Mai gareji ni zan san yadda zan wanke shi. Babanki ma kada ki gaya masa. Ba na son godiyarsa."

"Ka daina sona?"

Ya ajiye cukun da ke hannunsa, ya goge yatsunsa a jikin riga.

"Da na daina, da yanzu ni ne magajin gari."

Na rufe fuskata da hannu. Ban san kuka nake ba sai da ya zo ya cire hannun.

"Har yanzu ina fushi," ya ce. "Kuma har yanzu ba ki da gaskiya a kan makiyayar nan."

"Ina da ita."

"Yauwa! Haka nake so. Ki faɗa da baki, mu yi faɗa kamar mutane. In na ƙara jin hmm daga gare ki, masoyiyata, akuya zan aura, ita ko ba komai tana amsawa."

Ranar Ista mu uku ne a tebur. Mama ta gasa cinyar rago da dankali. Baba ya amsa gaisuwata, ya tambayi jirgi, bai ƙara ba. Ya ci rabin abincinsa ya ture farantin, ya fara taɓa tebur da yatsa yana motsa baki.

"Régis, ba a kan abincina ba," in ji Mama. "Sati uku ke nan!"

"Akwai mutum ɗaya, Odile. Wani ya zaɓe ni, ban san shi ba. Gidan Delmas huɗu, na sani. Berthe da ƙanwarta, na sani. Mai gareji ya rantse min da kabarin uwarsa ba shi ba ne, kuma na yarda, don bai taɓa ƙaunata ba. Malamar makaranta dama tawa ce. To wane ne?"

"Ka ci zaɓe, ka gode wa Allah."

"Ba na zama a kan kujerar da ban san wanda ya ba ni ba."

Mama ta ɗauki farantinsa ta ɗora a kan nata.

"Ka ƙirga gidan kowa a garin nan," ta ce. "Naka ka ƙirga?"

"Ni da ke, biyu. Ita kuwa ta..."

Yatsansa ya tsaya a kan tebur.

Ya juyo ya dube ni. Na dubi dankalina. Bastien ya ce kada in gaya masa, amma fuskata ba ta taɓa iya riƙe min sirri ba, ina jin zafinta har kunnuwana.

"Ke kika ce masa?"

Na gyaɗa kai.

"Yaushe?"

"Saura kwana biyu."

"Ya san yadda ƙirgen yake?"

"Ya sani, Baba. Shi ma ya iya ƙirga."

"Kuma babu mai ganinsa."

Wannan ba tambaya ba ce. Mama ta tsaya da farantan a hannu. Baba ya cire tabaransa, ya goge shi da gefen mayafin tebur, abin da Mama ta hana shi shekara da shekaru, yau ba ta tanka ba. Ya mayar, ya zauna yana kallon tagar.

Sai ya miƙe. Ya sauka ɗakin ajiya na ƙasa, ya hawo da kwalbar giyar inabin da yake ɓoyo tun shekarar da aka haife ni. Ya ɗauki hularsa a jikin ƙusa, ya ja ƙofar a hankali.

Na je taga. Hanyarmu ta rabu biyu a gindin wata babbar bishiya: dama ta shiga gari, hagu kuma ba ta zuwa ko'ina sai gonar Bastien.

Ya ɗan tsaya a wurin, ya gyara hularsa, ya bi hagu.